Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Daula idan ta faɗi takan bar tarkace a bayanta, kamar yadda kasuwa kan bari bayan ta watse. Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a watan Disamba na 1991, ta bar makamai da gumaka da bashi, ta kuma bar wani abu ɗan ƙarami wanda ya fi su duka yawa, wato lambobin girma da na yabo da ta yi ta liƙa wa sojojinta a ƙirji tun daga 1918, shekarar da aka kafa lambar Jar Tuta. Yaƙin da ta gwabza da Jamus tsakanin 1941 da 1945 ya ci rayukan mutanenta kimanin miliyan 27, a cikinsa kuma aka raba lambobin jarunta miliyan bisa miliyan. Tun daular tana tangaɗi waɗannan lambobi suka fara fita daga akwatunan tsofaffi suna hawa teburan ƴan kasuwa, a titin Arbat da kasuwar Izmailovo cikin Mosko, har zuwa bakin Ƙofar Brandenburg a Berlin. Duk inda mai saye ya tsaya da kuɗi a hannu kuwa, maƙerin jabu ba ya nisa.

Wanda ya taɓa ganin mazan jiya a Damagaram ko Tawa sun fito ranar biki da lambobin Faransa a kan riga ya san girman da ɗan ƙarfen nan yake da shi a idon mai shi. Sai dai akwai bambanci guda mai muhimmanci. Gicciyen yaƙi na Faransa ba ya ɗauke da wata shaida da ta keɓe shi, kowanne kamar ɗan'uwansa yake. Lambobin girma na Sobiyet kuwa, waɗanda Rashawa ke kira orden, kusan kowace tana da alƙaluman rajista a bayanta, an kuma rubuta alƙaluman nan a ɗan littafin shaida da aka ba sojan da kuma katin da aka ajiye a taskar gwamnati. Ke nan kowace lamba tana da mai ita, mutum guda mai suna da gari da shekarar haihuwa. Saboda haka mai son tantance ta yana da tambayoyi uku a gabansa, kowace ta fi wadda ta gabace ta wuya: ko ƙarfen na gaske ne, ko alƙaluman na gaske ne, ko labarin da aka rataya mata na gaske ne.

Akwai wani injiniya, ɗaya daga cikin ɗaliban Nijar da suka yi karatu a can, wanda ya sauka a Leningrad yana saurayi, ya baro birnin a 1992 bayan an mayar masa da sunansa na da, Sankt Peterburg. A farkon shekarar nan aka saki farashi, ajiyar da mutane suka yi shekaru suna tarawa ta narke cikin watanni, tsofaffi da matasa suka jeru a bakin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa suna sayar da abin da suka mallaka. A hannun wani matashi ya sayi Jan Tauraro guda tare da labarinsa: wai na kakansa ne, a Stalingrad ya samo shi. Tauraron ya yi shekaru a naɗe cikin tsumma a aljihun tebur a Maradi. Sai bayan da ya ajiye aiki ya samu sarari, tambayar ta fara cin sa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana auna dutse don ya san abin da ke cikinsa, bai kuwa ga dalilin ƙyale abin da ke aljihun teburinsa ba.

Tambayar farko maƙeri ke amsa ta. Jan Tauraro, wanda aka kafa ran 6 ga Afrilu 1930, azurfa ne mai tsini biyar, an cika kowane tsini da jan gilashi, a tsakiya soja ne tsaye riƙe da bindiga, a baya kuma ƙusa mai murɗi da faifan da ake ɗaure shi a jikin riga. Gidan buga kuɗi na gwamnati ke yin sa, ta hanyar da ake buga kwabo: a sa azurfa tsakanin hatimai biyu na baƙin ƙarfe, a danne da inji mai tsananin ƙarfi. Abin da aka buga haka yakan fito da kaifi, kowane harafi da bakinsa, filin da ke tsakanin haruffa sumul. Mai jabun da ba shi da irin wannan inji zubi yake yi, ya ɗauki siffar lamba ta gaske a mazubi, ya narka ƙarfe ya zuba. Zubi kuwa yana da tabon da duk maƙerin farfaru ya sani. Ƙarfe idan ya huce yakan tsuke, abin ya fito ya gaza na asali faɗi da kaɗan. Iska takan bar ƴan ramuka kamar na allura. Haruffa sukan dakushe kamar rubutun sabulun da aka fara wanka da shi. A gefe kuma akan ga sawun magagari inda aka goge bakin mazubi.

Sikeli shi ne shaida na biyu. Jan Tauraro na gaske gram 30 da ƴan kai yake. Tauraron Zinariya na Gwarzon Tarayyar Sobiyet gram 21.5 ne, ban da maratayinsa. Amma nauyi kaɗai yana iya ruɗi, domin mai wayo yakan ƙara kauri ya cike giɓi. Abin da ba ya iya ɓoyewa shi ne nauyin ƙarfe gwargwadon girmansa. A auna abin a iska, a sake auna shi a rataye cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu: azurfa takan ba da wajen 10.5, tagulla wajen 8.5, zinariya tsantsa 19.3. Gilashin da ke jikin tauraro yakan ɗan rage adadin, amma ba zai kai azurfa matsayin tagulla ba. Cikin ƙarafa masu araha dalma ce ke kusa da azurfa, ita kuwa taushinta ke tona mata asiri.

Sai gilashin. Jan da ke kan tauraro garin gilashi ne da aka zuba aka gasa a wuta har ya narke ya kama ƙarfen. Yana da tauri, allura ba ta shigarsa, idan ya fashe kuma ɓallewa yake kamar kwalba. Jabu da yawa danƙon roba ne mai launi wanda ke daskarewa ba wuta, tsinin allura yakan bar masa tabo. A nan akwai tarko ga mai gaggawa: tauraro na gaske da ya sha ƙurar yaƙi, gilashinsa ya ɓalle, wani ya cike gurbin da danƙo, gyararre ne kawai, asalinsa yana nan. Haka ma baƙin tsufa. Azurfa a hankali take yin baƙi, cikin lunguna, yayin da wuraren da ke gogar riga da yatsa suke ƙara haske. Wadda aka tsufar dare ɗaya da farar wuta ko gwaiduwar ƙwai baƙinta bai ɗaya ne, ya kwanta har inda hannu ya kamata a ce ya goge. Tauraron injiniyan ya tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje: bugu ne, azurfa ne, gilashinsa na wuta ne.

Hakan bai zama abin mamaki ba, domin Jan Tauraro an raba shi fiye da sau miliyan 3 da dubu 800, ribar yi masa jabu mai kyau kaɗan ce. Kuɗi yana wurin abin da ya yi ƙaranci. Lambar Ushakov aji na farko, wadda aka kafa a 1944 don manyan hafsoshin ruwa, sau 47 kacal aka ba da ita. Ta Suvorov aji na farko, wadda tauraronta na falatinom ne, ba ta kai sau 400 ba. Lambar Nasara, mai lu'ulu'u 174, sau 20 aka ba da ita a duk tarihin daular. Wanda aka ce masa ga irin waɗannan a farashi mai sauƙi, ya tuna araha ba ta ado. Don su ne ake sassaƙa sababbin hatimai, a buga da azurfa ko zinariya ta gaske, har sikeli ya wanke su. A nan sai a koma ga kwatance, ɗigo bayan ɗigo, da lambar da aka tabbatar da asalinta, domin kowane hatimi na gidan buga kuɗi yana da ƴan aibobinsa, wata tsaga ko wani harafi da ya karkace, waɗanda ke fitowa a kan duk abin da ya buga. A 1997 Paul McDaniel da Paul Schmitt suka wallafa wani babban littafi da Ingilishi wanda ya jera nau'o'in lambobin nan da hotunansu. Masu tarawa suka samu ma'auni, masu jabu su ma suka samu littafin karatu.

Mafi wuyar kamawa ita ce lamba ta gaske da aka sauya wa kama. Ran 19 ga Yuni 1943 aka yi dokar da ta canza yadda ake sa lambobi a riga. Jar Tuta da lambar Lenin, waɗanda da can ƙusa gare su, suka koma rataye a maratayi mai kusurwa biyar. Su Suvorov da Kutuzov da Aleksandar Nevski da lambar Yaƙin Kishin Ƙasa, waɗanda da can rataye suke, suka koma ƙusa. Nau'in kafin dokar ya yi ƙaranci, ya yi tsada, sai masu wayo suka shiga yanke zobe suna liƙa ƙusa, ko su yanke ƙusa su liƙa zobe. Lambar Ɗaukaka, wadda aka kafa ran 8 ga Nuwamba 1943 don ƙananan sojoji, aji uku ce: na uku an raba wajen miliyan ɗaya, na biyu wajen dubu 46, na farko bai kai dubu 3 ba. Bambancin aji na uku da na biyu a ido ruwan zinariya ne a da'irar tsakiya, aikin da ba ya ɗaukar maƙeri yini guda. Jar Tutar da aka ba soja karo na biyu ko na uku tana da ɗan allo a ƙasanta mai 2 ko 3, shi ma ana ƙera shi a liƙa. A 1985 kuma, don cikar shekara 40 da nasara, an raba wa tsofaffin sojojin da ke raye lambar Yaƙin Kishin Ƙasa fiye da miliyan 7, nau'i mai sauƙin ƙira, wanda ake sayar wa baƙo da sunan na fagen fama.

A nan ne tambaya ta biyu take aiki. Lambar Ɗaukaka aji na biyu mai alƙaluman dubu 300 ta tona kanta da kanta, tun da ba a taɓa raba wannan adadi ba. Sanin haka ya sa mai jabu yakan kankare alƙalami ɗaya ko biyu, ko ya share duka ya sake zanawa. A zamanin yaƙi da hannu ake tsaga alƙaluman yawancin lambobin girma, da ɗan tsinken ƙarfe mai kaifi, kuma ma'aikatan kowane zamani suna da hannunsu, kamar yadda ake gane rubutun malami a allo. Idan aka karkata lamba ga haske aka duba da madubin ƙara girma, wurin da aka kankare yakan nuna ɗan kwari, ko ya fi kewayensa santsi, cikin sabuwar tsaga kuma babu dattin shekaru. Dole ne kuma alƙaluman su dace da nau'in ƙirar da tambarin gidan bugu, wanda ya yi ta canza siffa, musamman bayan da yaƙi ya sa aka kwashe injinan Leningrad zuwa Krasnokamsk, wajen tsaunukan Ural, a 1941. Ko a nan akwai togaciya. Sojan da ya rasa lambarsa a fagen fama akan ba shi madadi mai tsofaffin alƙalumansa, sau da yawa da harafin Д na Rashanci a gefe. Lambar Jarunta kuma, wadda aka kafa a 1938, an daina sa mata alƙaluma bayan 1947, don haka rashinsu a bayanta ba laifi ba ne.

Takarda ma ba ta tsira ba. Littattafan shaida da ba a cika ba sun fita kasuwa bayan rushewar daular, ana cika su da sunan wani jarumi, a harhaɗa masa lambobi daga hannuwa daban-daban, a sayar da su tare da ninkin kuɗinsu. Mai duba yakan lura da tawada, da tambari, da hannun da ya yi rubutun. Shigarwar 1945 da aka yi da alƙalamin bik ta kashe kanta, domin bik bai zama ruwan dare a can ba sai cikin shekarun 1960. Alƙali na ƙarshe shi ne babbar taskar takardun soja da ke Podolsk, kudu da Mosko, inda katunan yawancin masu lambobin yaƙi suke tare da takardun da kwamandojinsu suka rubuta abin da suka aikata. Tun 2010 aka fara sa miliyoyin waɗannan takardu a intanet ƙarƙashin shirin Podvig Naroda, a 2015 aka ƙara da Pamyat Naroda.

Tambaya ta uku ita ta tsayar da injiniyan. Alƙaluman tauraronsa ba a taɓa su ba, amma sun haura miliyan 3, alhali taurarin da aka raba a lokacin Stalingrad, ƙarshen 1942 da farkon 1943, ba su ko kusa da miliyan ɗaya ba. Dalilin yawan yana cikin wata doka ta 4 ga Yuni 1944, wadda ta sa ake ba da lambobin yaƙi don daɗewa a aiki: Jan Tauraro a shekara 15, Jar Tuta a 20, lambar Lenin a 25. An bi wannan tsari har ƙarshen shekarun 1950, kuma taurari masu irin alƙaluman nasa galibi na wannan zamani ne. Da alama matashin ya ƙara wa miya gishiri. Duk da haka ba a yanke masa hukunci kai tsaye, don akwai sojojin da aka rubuta wa lamba a 1942, rauni ko ruɗanin yaƙi ya hana ta isa gare su, sai bayan shekaru aka neme su aka ba su sabon bugu. Injiniyan ya kuma yi wani lissafi mai sauƙi: wanda ya cika shekara 15 a soja a farkon shekarun 1950, tun kafin 1941 ya sa kaki. Ko tauraron bai je Stalingrad ba, da wuya a ce mai shi bai ga yaƙi ba.

Jabu ba a ƙarfe kaɗai yake tsayawa ba, wani lokaci mutumin ne jabu. A 1940 wani tserarren fursuna da ya ɗauki sunan Valentin Purgin, ya samu aiki a jaridar Komsomolskaya Pravda, ya ƙirƙiri takardun da suka sa aka naɗa shi Gwarzon Tarayyar Sobiyet saboda yaƙin Finland. Hotonsa da jarida ta buga don yabo shi ya sa aka gane shi, aka harbe shi a shekarar. A ɗaya gefen kuma akwai Leonid Brezhnev, wanda aka ba lambar Nasara a 1978, alhali ƙa'idarta ta keɓe ta ga manyan kwamandojin da suka juya akalar yaƙi, shi kuwa bai taɓa riƙe irin wannan matsayi ba. Gorbachev ya soke ta a 1989. Falatinom ɗinta da lu'ulu'unta na gaske ne, babu sikelin da zai kama ta.

Kasuwar nan tana da jini a hannunta. A 1983 wasu ɓarayin lambobi, waɗanda suka saba shiga gidajen tsofaffin sojoji da sunan ƴan jarida, suka kashe Georgi Kholostyakov, babban hafsan ruwa kuma Gwarzon Tarayyar Sobiyet, shi da matarsa, a gidansu na Mosko, suka tafi da rigarsa da abin da ke kanta. Sashe na 324 na dokar laifuffuka ta Rasha ya haramta saye da sayar da lambobin gwamnati, har da na zamanin Sobiyet, abin da ya tura cinikin zuwa ƙasashen waje da bayan fage, inda jabu ya fi samun gindin zama. Mai saye da ke alfahari ya gane ta gaske daga ta bogi yana da sauran tambaya guda da madubi ba ya amsawa, wato ta yaya lambar ta rabu da mai ita: gado, ko yunwa, ko sata.

Har yanzu akwai ƙungiyoyin sa kai da ke fita kowace shekara, idan ƙanƙara ta narke, zuwa dazuzzuka da fadamun da aka yi yaƙi, wajen Rzhev da kewayen Leningrad ta da, suna tono ƙasusuwan sojojin da ba a binne ba. A farkon yaƙi akan ba soja ɗan bututu mai takardar sunansa, amma an soke tsarin a watan Nuwamba na 1942, yawancin takardun da suka rage kuma damshi ya cinye su. Sau da yawa abin da kawai ake samu a jikin mamaci wanda ke iya magana shi ne Lambar Jarunta ko Jan Tauraro, azurfar ta yi baƙi ƙirin, alƙaluman suna nan daram. Da su ake zuwa Podolsk, a fito da suna da ƙauye, a nemo jika ko tattaɓa kunne, a ce masa an ga kakansa bayan shekara 80, ya zo a yi jana'iza. Amfanin alƙaluman ke nan tun asali. Wanda ya sa magagari ya kankare ɗaya daga cikinsu don ya ƙara wa lamba farashi ya cuci mai saye da kuɗi, ya kuma raba wani mutum da sunansa, ya ɗora aikinsa a kan wanda bai yi shi ba.